Bangon da Aka Ce Zai Wanke Kansa: Nazarin Cocin Jubili na Roma

A ranar 26 ga Oktoba, 2003, aka buɗe wani coci a Tor Tre Teste, wata unguwa da ke can gefen gabashin birnin Roma, inda dogayen gidajen bene suka kewaye fili. Sunansa na ainihi Dio Padre Misericordioso, amma an fi saninsa da Cocin Jubili. Abin da ido ke fara cin karo da shi bango uku ne na kankare, farare tas, a lanƙwashe, kai ka ce an fasa wata ƙatuwar ƙwarya an kafa sakainunta uku a tsaye, kowace ta ɗara ta kusa da ita tsawo. Mafi tsawon ya haura mita 26. Tsakanin bango da bango gilashi ne, ta nan haske ke shiga.

Ba kyan ginin ne ya sa masu harkar siminti suka yi ta zancensa ba, alkawarin da aka yi a kansa ne. An ce farin nan ba zai dushe ba, domin an cuɗa simintin da wata hoda mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, wadda in rana ta taɓa ta take cinye dattin da ya sauka a jikin bango, ruwan sama kuma ya ɗauraye sauran. Bango mai wanke kansa ke nan. Duk inda aka zauna ana lissafa abin da fasahar nano, wato aiki da ƙwayoyi masu matuƙar ƙanƙanta, za ta yi wa harkar gini, da wuya a tashi ba a ambaci cocin nan ba. Yawancin abin da ake lissafawa kuwa yana nan a ɗakin gwaje-gwaje, ko an yi shi jiya-jiya. Shi wannan ya yi shekara fiye da 20 a tsaye, ya sha rana da ruwa da ƙura, an kuma koma an duba abin da ya same shi. Gani ya kori ji.

Yadda aka zo ga farin siminti

Hukumar cocin Katolika ta birnin Roma ce ta ƙudura gina sababbin coci 50 a unguwannin gefen gari, albarkacin Jubili na shekarar 2000, wato shekarar ibada ta musamman a wurin mabiya Katolika. Na Tor Tre Teste shi aka ware aka sa gasa a kansa, aka gayyato manyan masu zanen gini shida, ciki har da Tadao Ando, Santiago Calatrava da Frank Gehry. A 1996 aka ba Richard Meier, Ba'amurken da ya zana Cibiyar Getty ta Los Angeles, wanda ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, tun 1984. Duk wanda ya san aikin Meier ya san fari ne launinsa. Sai dai da yawa daga gine-ginensa farantan ƙarfe masu farin shafe ake lulluɓe su da su, abin da ruwa da tsumma suka isa. A nan kuwa kankare tsirara ake so, ba fenti, ba filasta, kuma ya zauna fari a garin da ke fama da hayaƙin motoci.

Nan gizo ke saƙar. Kankare ba shi da santsin gilashi. In aka duba shi da madubin ƙara girma, cike yake da ramuka da 'yan ƙofofi, inda ƙura da baƙin hayaƙi ke maƙalewa, laima ta shiga, gansakuka ta samu wurin zama. Farin siminti ya daɗe a kasuwa, kuma kowane magini ya san halinsa: bayan 'yan shekaru sai ya koma ruwan toka, da baƙaƙen layuka a duk inda ruwa ke gangarowa.

Kamfanin siminti na Italcementi, mai hedikwata a Bergamo a lokacin, shi ya ɗauki nauyin ɓangaren fasaha. Masu bincikensa, ƙarƙashin masanin sinadarai Luigi Cassar, suka haɗa farin siminti da titaniyom dayoksaid, aka sa masa suna TX Millennium. Daga baya fasahar ta shiga kasuwa da sunan TX Active. Tsakuwar da aka kwaɓa shi da ita ma fara ce, ta dutsen mabul na Carrara. Ba a wurin aka zuba bangon ba. A masana'anta aka zuba shi gunduwa-gunduwa, fiye da guda 250, kowace nauyinta kimanin tan 12, kowace a lanƙwashe ta tsaye da ta kwance, sannan aka kawo su aka jera da wata na'urar ɗagawa da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, aka zura wayoyin ƙarfe ta cikinsu aka ja suka ɗaure. An fara aiki a 1998. Shekarar 2000 ta zo ta wuce ba a gama ba, sai 2003, daidai da cikar Fafaroma John Paul na Biyu shekara 25 a kan kujera.

Abin da hodar ke yi

Titaniyom dayoksaid ba baƙo ba ne. Shi ne farin da ke cikin fenti, da takarda, da roba, da man da ake shafawa don kare fata daga rana. Bambancin yana ga girman ƙwayar da tsarinta. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita; kaurin gashin mutum guda yakan kai nanomita 80,000. Ƙwayar da ake sa wa fenti tana tsakanin nanomita 200 zuwa 300, girman da ya fi watsa haske ya ba da fari, kuma da gangan ake lulluɓe ta da wani shafe don kada ta yi aiki, domin in ta yi, fentin da ke riƙe da ita za ta fara ci. Wadda ake so ta yi aiki nau'in da ake kira anatas ce, ana yin ta ƙanana ƙwarai, 'yan gomomin nanomita, a bar ta tsirara.

Me ƙanƙantar ke ƙarawa? A ɗauki ɗan dunƙule mai santimita 1 ta kowane gefe. Faɗin fatarsa gaba ɗaya santimita murabba'i 6 ne. A yanka shi ƙanana, kowane nanomita 10 ta kowane gefe. Nauyi bai canja ba, abu bai ƙaru ba, amma faɗin fatar ya koma mita murabba'i 600. Aikin sinadari kuwa a fata yake faruwa, inda abu ke haɗuwa da iska da ruwa. Rabin sirrin fasahar nano yana cikin wannan ɗan lissafin.

Akira Fujishima da Kenichi Honda ne, a Jami'ar Tokyo, suka gano cewa titaniyom dayoksaid yana raba ruwa in an haska shi, suka wallafa a 1972. Hasken da ke tada shi altarabayolet ne, ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata, kuma bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke sauka ƙasa ba. In ya faɗa kan ƙwayar sai ya fizge ilektaron, wato ɗan ƙanƙanin ɓangaren zarra mai ɗauke da lantarki, daga mazauninsa ya bar gurbi. Ilektaron ɗin ya kama iskar oksijin, gurbin ya kama laimar da ke kwance a fatar bango, su haifar da wasu guntayen sinadarai masu tsananin ci. Ba sa daɗewa, amma duk abin da suka taɓa wanda asalinsa mai ne ko abu mai rai, sai sun farfasa shi: maiƙon hayaƙin mota, ƙwayoyin cuta, fumfuna, ragowar ganye. Ƙarshensa ya koma iskar kabon dayoksaid da ruwa. Ita hodar ba ta ƙarewa a cikin aikin. 'Yar zuga ce, tana hura wutar ba ta shiga ciki.

A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike a Japan, tare da kamfanin TOTO, suka lura da hali na biyu. Fatar da aka haska ba ta barin ruwa ya taru ɗigo-ɗigo. Shimfiɗewa yake yi, ya ratsa ƙarƙashin datti ya tafi da shi. Wankin na hannu biyu ne ke nan: rana ta sassauta, ruwa ya kwashe. In hannu ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya iya gama aikin.

Daga fari zuwa iska

Ana cikin neman fari sai aka samu gyara. Simintin yana kuma cin naitirojin oksaid, gurɓatacciyar iskar da ke fita daga salansar mota, musamman mai shan dizal, wadda ke wahalar da masu asma da ciwon huhu. Yana mayar da ita naitiret, wani gishiri da ke kwanciya a fatar kankare har ruwan sama ya wanke shi. Nan take zancen ya tashi daga kwalliya ya koma lafiyar jama'a, jaridu suka raɗa masa suna siminti mai cin hayaƙi. A 2002 aka shafe wani titi a Segrate, kusa da Milan, faɗin kimanin mita murabba'i 7,000, kamfanin ya ba da rahoton raguwar iskar har zuwa kashi 60 cikin 100. Aka yi ta maimaita ƙiyasinsa cewa in an lulluɓe kashi 15 cikin 100 na fuskokin birni kamar Milan da wannan siminti, gurɓatar iska za ta ragu da rabi. A 2007 aka shafe hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Umberto na Ɗaya a tsakiyar Roma, aka sa mata fitilun altarabayolet. A 2008 mujallar Time ta sa TX Active cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. An yi aiki da shi a cibiyar kiɗa da zane ta Chambéry a Faransa, da ginin Air France a filin jirgin saman Charles de Gaulle, har zuwa ginin Palazzo Italia a baje-kolin duniya na Milan a 2015. A duk wannan tafiya, hoton farin cocin ne a gaba.

Shekara 16 bayan buɗewa

Awon launin da aka riƙa yi a shekarun farko ya faranta rai, farin bai ragu sosai ba. Abin da aka lura da shi ɗan rawaya-rawaya ne, wanda aka danganta da rairayin Sahara da iskar kudu, wadda Italiyawa ke kira shirokko, ke ɗaukowa ta ƙetare Bahar Rum da shi. An ɗauke shi ƙaramin abu tunda wanki da ruwa yana fitar da shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Rairayi ba mai ba ne, ba ganye ba ne, dutse ne da ya niƙe. Babu abin da hodar za ta ci a jikinsa. Kuma in har sai an ɗauko ruwa an wanke, to an fara sauka daga kan alkawarin.

A 2019 Luciano Cardellicchio, wani malamin jami'a mai nazarin yadda gine-ginen zamani ke tsufa, ya wallafa binciken da ya yi a kan cocin a mujallar Building Research & Information. Abin da ya tarar shi ne, shekara 16 bayan buɗewa, wanke kai da riƙe launi ba su kai abin da aka tsara ba, kankaren ya nuna alamun tsufa tun lokaci bai yi ba. Ƙarfin ginin lafiya lau yake, ba a maganar rushewa. Fuskar ce ta ɓaci, gyaranta kuma yana cin kuɗin da ƙaramar ikilisiya ba ta iya ɗauka cikin sauƙi. Ya danganta abin da siffar ginin, da yanayin wurin, da wata ƙura ta musamman da ke yankin Roma.

A fara da siffar, don ita ce ta fi koyar da darasi ga magini. Kowane bango yanki ne na ƙwallo. Ƙasansa kusan a tsaye yake, amma yana hawa yana kwantawa, har samansa ya koma kallon sama. Bazarar Roma kuwa busasshiya ce, a yi makonni ba ruwa. A tsawon wannan lokaci ƙura tana sauka tana zama a ɓangaren da ya kwanta, kamar yadda take zama a kan tebur. Ran da aka yi yayyafi, ruwan bai isa ya kwashe ta ba, sai dai ya dama ta ya gangaro da ita, ya tsaya a rabin hanya ya bushe. In kuma ruwa mai ƙarfi ne, duk abin da ya sauka a saman bangon ta fuskar zai bi har ƙasa, kuma ba ya bi bai ɗaya. Yakan zaɓi hanyoyi, ya tsaya a mahaɗar gunduwa da gunduwa, ya taru, ya ɓalle ta wuri guda. Inda ya bi yau nan zai bi gobe. Tsofaffin magina sun san wannan, shi ya sa suke fito da baki a saman bango, su yanka ɗan tsagi a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga nesa da jiki, ko su sa indararo. A zanen da ake son bango ya tafi sumul daga sama har ƙasa, babu wurin irin wannan. An bar wa hoda aikin da indararo ya saba yi.

Ruwan da ke bin hanya ɗaya shekara da shekaru, ɗauke da ƙura mai kaifi, yana goge fatar kankare a hankali. Santsin da ta fito da shi daga masana'anta ya tafi, ta yi kaushi. Fata mai kaushi ta fi riƙe ƙura. Ƙurar da ta zauna ta tare haske. Hodar da ke ƙarƙashinta tana nan da ranta, amma tana cikin duhu, kuma ba ta aiki a duhu. Daga nan datti irin wanda da za ta iya ci ma ya samu mafaka. Abu ne mai ciyar da kansa: kowace shekara tana share wa ta gaba hanya.

Ita ƙurar kuwa akwai abin mamaki a cikinta. Roma tana zaune ne a kan ƙasar da duwatsu masu aman wuta suka zubar, musamman tsaunukan Albani da ke kudu maso gabashin birnin. Tokar nan ita ake kira fozolana, sunan da ya samo asali daga garin Pozzuoli kusa da Napoli. Ita ce Romawan dā suke kwaɓawa da farar ƙasa su yi kankarensu, wanda da shi aka zuba ƙubbar tsohon ginin Pantheon na Roma mai faɗin mita 43, ta yi kusan shekara 1,900 a tsaye. Tokar da ta riƙe tsohon kankaren Roma ita ce ta ɓata wa sabon fuska. Kamar rairayin Sahara, dutse ce, babu abin da rana da hoda za su ƙona a jikinta.

A ganina bai dace a ce sinadarin ya gaza ba. Abin da aka ce yana yi a ɗakin gwaji, yana yi: a shafa wa kankaren jan rini, a haska shi, rinin ya ɓace. Kuskuren yana wurin fassara. An ɗauki "yana farfasa datti mai asali da mai" aka mayar da shi "yana wanke kansa", alhali dattin da ke sauka a kan gini ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane gari da irin nasa.

Ina labarin iskar?

Ɓangaren cin hayaƙi ma ya sha irin wannan gwaji, a wasu wurare. A garin Hengelo na ƙasar Holan an shimfiɗa wa wani titi bulo mai wannan sinadari, masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Eindhoven suka auna, suka ba da rahoto a 2013: raguwar kashi 19 cikin 100 a tsawon yini, har zuwa 45 a ranakun da rana ta buɗe kuma laima ta yi ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, mai suna PhotoPAQ, ya shafe wani yanki na hanyar ƙarƙashin ƙasa da a lokacin ake kira Leopold na Biyu a Brussels, tsawon mita 160, ya sa fitilu, ya auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Ba a ga raguwar da za a iya rantsewa a kanta ba. In ma akwai, ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba. Dattin hanyar ya rufe shafen cikin ɗan lokaci, hasken fitilun bai isa ba, laima ta yi yawa, iska kuma tana wucewa da sauri. A 2016 kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ingancin iska ya duba shaidun da ke ƙasa, ya ce bai ga ƙwaƙƙwarar hujjar cewa shafe bango da tituna zai rage wannan iska a waje ba, ya kuma ja kunne cewa wani lokaci akan fitar da wasu sinadaran da ba a so, irin su fomaldihaid.

Don a gane daga inda wannan tazara ta fito, sai a leƙa yadda ake gwajin. A ƙa'idar da aka fi bi, ana yanka ɗan guntu mai faɗin santimita 5 da tsawon 10, a sa shi cikin akwati mai murfin gilashi. Tsakanin guntun da murfin milimita 5 ne kacal, ta nan ake tura gurɓatacciyar iskar, mai ƙarfin da ya ninka na yawancin tituna, fitila tana haskawa ba dare ba gajimare. A irin wannan matsi kusan duk iskar sai ta goga jikin kankaren. Yanzu a fito titi. Iskar da ke tsakanin benaye tana da kaurin mita goma-goma, tana juyawa, tana tafiya, sabuwa tana shigowa daga salansar kowace mota. Ƙalilan ne daga cikinta ke taɓa bango. Da dare aiki ya tsaya. Da hunturu rana ta yi rauni, daidai lokacin da hayaƙi ya fi kwanciya a gari. Alƙalumman ɗakin gwaji ba ƙarya ba ne, amsar wata tambaya ce dabam.

Akwai kuma abin da simintin kansa ke yi wa hodar. Kankare yana shan kabon dayoksaid daga iska a hankali, ya fitar da wani ɓawon alli a fatarsa, ɓawon kuma ya lulluɓe ƙwayoyin. Sannan duk hodar da ke can cikin kaurin bango asara ce, tunda haske ba ya kai mata. Shi ya sa masu yin bulon daɓe suka koma zuba shi hawa biyu: ƙasan kankare na yau da kullum, saman 'yan milimita masu sinadari.

Inda abin ya fi zama

Abin lura shi ne, wannan sinadarin ya fi samun karɓuwa a jikin gilashi. A 2001 kamfanin Pilkington ya fito da gilashin Activ, mai shafen titaniyom dayoksaid da kaurinsa kimanin nanomita 15 ne, wanda ake ɗora shi tun gilashin yana da zafi a masana'anta. Gilashi ba shi da ƙofofi, ba ya yin ɓawo, ruwa kuma yana shimfiɗewa a kansa yadda ake so. Duk da haka shi ma sai da hasken rana da ruwan sama, in fari ya daɗe sai an watsa masa ruwa. Rage yawan wanki yake yi. Da haka aka faɗi game da kankaren tun farko, da babu wanda zai ga laifinsa.

Lamarin cocin yana kuma taimaka wa mai son tantance sauran abubuwan da ake tallatawa da sunan nano, domin ya raba su gida biyu. Akwai masu aiki a fata: shafen wanke kai, na korar ruwa, na hana tsatsa, na tare zafi a gilashi. Waɗannan ƙarfinsu da rauninsu wuri ɗaya suke, domin fatar gini ita ce ke karɓar duk dukan yanayi, kuma shafe mai kaurin nanomita ba shi da abin da zai ajiye don gobe. Akwai kuma masu aiki a ciki, inda rana da ƙura ba sa kai. Manna da ke riƙe kankare, wanda ke samuwa in siminti ya haɗu da ruwa, shi kansa ginin ƙwayoyi ne masu girman 'yan nanomita, da ƙofofi a tsakaninsu. Ta ƙofofin nan ruwa da gishiri ke bi su kai ga rodi ya yi tsatsa. Hodar silika mai girman nano tana cike su, tana kuma haɗuwa da ragowar farar ƙasar da ke cikin kwaɓin ta ƙara yawan mannan. (Aiki ɗaya ne da wanda tokar fozolana ta yi wa Romawa, sai dai ƙwayar ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.) Girafin, fallen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya wanda aka fara warewa a Jami'ar Manchester a 2004, shi ma ya shiga kwaɓi: a 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki a Amesbury ta Ingila da kankare mai girafin, aka rage kaurin daɓen, ba a kuma sa masa rodi ba. Waɗannan sun fi ba ni fata, amma su ma ba su yi shekarun da za a yi musu hukunci ba, kuma suna da nasu ciwon kai. Ƙwayoyi ƙanana suna son dunƙulewa, in kuwa suka dunƙule sun zama rauni maimakon ƙarfi, sannan suna shan ruwan kwaɓi da yawa.

Sai batun yawa. Duniya tana yin siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara. Ko kashi 1 cikin 100 aka ce za a ƙara masa na wani sinadari, tan miliyan 40 ke nan, alhali duk titaniyom dayoksaid da masana'antun duniya ke fitarwa a shekara, na fenti da na takarda da na roba, bai kai tan miliyan 10 ba. Abin da ya yiwu a bango uku na coci ba lalle ya yiwu a birni guda ba. Kada kuma a manta da lebura mai riƙe da injin yanka ko na goge kankare. A 2006 hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sa titaniyom dayoksaid a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar in ana shaƙar ƙurarsu. Muddin yana ɗaure cikin kankare haɗarin kaɗan ne, amma gini ana huda shi, ana yanka shi, wata rana a rushe shi.

Italcementi ya koma hannun kamfanin HeidelbergCement na Jamus a 2016. Mai zane ya gama aikinsa tun 2003, 'yan kwangila sun kwashe kayansu. Bango uku suna nan a tsaye a Tor Tre Teste, da ƙarfinsu, ɗaliban zanen gini suna zuwa daga ƙasashe suna ɗaukar hoto. Wanke bangon da ya haura mita 26, wanda kuma ya lanƙwashe ta yadda ba a jingina masa tsani, yana bukatar motar ɗaga ma'aikata, da mutanen da suka san aikin, da ruwa mai sauƙin ƙarfi, domin in an matsa da yawa fatar za ta ƙara kaushi, ƙurar baɗi ta fi ta bana kamawa. Takardar kuɗin kuwa teburin limamin unguwa take sauka.